Hilux ɗin da Baba ya bari ta gaji, ina so a ƙara mata ƙarfi, Yaya ya hana

Assalamu alaikum Malam. Ni matashi ne daga Daura, shekarata 29. Mahaifinmu ya rasu shekara biyu da suka wuce, ya bar mana Hilux mai shan dizal, ƙirar 2009, injin 2.5. Ba a raba gado ba, aka yarda in riƙa tuƙa ta ana ci da gida, don akwai Inna da ƙannena uku da ba su mallaki hankalinsu ba. Ina ɗauko hatsi da riɗi daga ƙauyukan Sandamu da Baure da Zango, ranar Lahadi in je Mai'adua, wani lokaci har Dawanau. Mita ta nuna kilomita 410,000. Yanzu motar ba ta ja. In na ɗora buhu 18 ko 20 sai ta yi ta nishi tana baƙin hayaƙi, wuce tirela ya zama tashin hankali. Wani makanike a Kano ya ce zai taɓa birenbos ɗinta (ƙwaƙwalwar injin) da kwamfuta, ya toshe EGR (bawul ɗin da ke mai da hayaƙi cikin inji), ya yanke salansa ya sa babba, a sa manyan tayoyi, ta koma kamar mai injin 3.0. Na tara naira miliyan ɗaya da dubu 200 daga kasona. Yayana ya ce muddin yana numfashi ba za a taɓa ta ba. Mun yi sa-in-sa, yau sati uku gaisuwa kawai ke haɗa mu. Shi malamin makaranta ne, bai san wahalar hanya ba, kuma kuɗina ne. Wa ke da gaskiya a cikinmu?

Wa alaikumus salam, ƙanena. Allah ya jiƙan Baba, ya kyautata makwancinsa, ya sa albarka a abin da ya bari.

Na karanta wasiƙarka sau biyu, kuma kalma ɗaya ce ta tsaya mani: "yanzu". Ka ce yanzu motar ba ta ja. Ke nan da can tana ja, lokacin da Baba ke riƙe da ita, da wannan injin, ba tare da kowa ya taɓa mata birenbos ba. To ƙarfin da kake kuka a kai ƙarfi ne da motar take da shi ya zube a hanya, kuma makaniken da ya yi maka lissafin abubuwa huɗu bai tambayi inda ya zube ba. Wannan kaɗai ya isa ka ja birki ka sake tunani. Likitan da ya rubuta maka maganin ƙara kuzari bai auna ka ba, ba ka ɗauki takardarsa ka nufi kyamis.

Injin da ke cikin motarka shi ne wanda Toyota ke kira 2KD-FTV, mai tambarin D-4D a jikin ƙofa ko murfin inji. Inji ne mai haƙuri, shi ya sa ya kai ka inda ya kai. Ƙarfinsa daga kamfani yana tsakanin doki 102 zuwa 144, gwargwadon ƙasar da aka ƙera wa motar da shekarar da ta fito. Ka duba bonet ɗinka: in akwai ƙaramar taga a samansa, akwai na'urar sanyaya iskar turbo (fankar da ke tura wa inji iska) a ƙarƙashinta, wadda makanikai ke kira intakula, in babu to taka tana cikin masu ƙaramin ƙarfi. Babban wansa mai lita 3.0 shi ne 1KD, wanda ke ba da doki 160 da wani abu. Tazarar da ke tsakaninsu ta girman silinda ce da turbo da sauran ƙarfe, kwamfuta ba ta ƙara wa silinda faɗi. Duk wanda ya ce zai mai da maka 2.5 ta zama 3.0 da waya da laftof, ya faɗi abin da kunnenka ke son ji ne.

Amma ba zan ce maka taɓa birenbos ƙarya ne ba. Yana aiki, kuma nan haɗarin yake. Abin da ake yi shi ne a canza lissafin da ke cikin kwamfutar motar, ta riƙa sakin mai fiye da da, ta ƙara matsin man da ke cikin bututun injekta (masu fesa mai cikin silinda), ta bar turbo ya ƙara tura iska. Akwai kuma ɗan akwatin da ake jonawa a waya, wanda ke yaudarar kwamfutar ta ɗauka matsin mai ya yi ƙasa, sai ta ƙara. Masu yin aikin sukan yi alkawarin ƙarin kashi 20 zuwa 30 cikin ɗari, kuma ranar da ka fito daga garejin za ka ji bambanci a ƙafarka, har ka kira abokai ka ba su labari. Sai dai ƙarin mai a cikin silinda yana nufin ƙarin wuta, ƙarin wuta yana nufin ƙarin zafi da ƙarin duka a kan fistin da ringi da gaskit da metal ɗin da ke ƙasa. Fistin na alminiyam ne, alminiyam kuwa yana narkewa a digiri 660, kuma tun kafin ya kai can yake fara laushi ya tsage. Kamfani ya bar rata tsakanin abin da injin ke bayarwa da abin da zai iya ɗauka, don ya jure mummunan mai da zafin rana da direba mai ganganci. Mai taɓa birenbos wannan ratar yake sayar maka. Sabon inji yana da ita cikakkiya. Injin da ya yi kilomita 410,000 a rairayin Baure da ƙurar hunturu ya riga ya cinye mafi yawanta.

Ba daga littafi na koyi wannan ba. Shekarun baya ina da akori-kura mai dizal da nake ji da ita, ta haura kilomita 300,000, wani gareji ya jona mani irin akwatin nan. Wata biyu ina jin daɗi. Ranar da abin ya faru ina dawowa daga Kano ne da lodin siminti, cikin zafin watan Afrilu, na wuce Kankiya kaɗan na ji wani ƙwanƙwasa da ban taɓa ji ba, farin hayaƙi ya turnuƙe bayana. Gejin zafi bai motsa ba ko kaɗan, don shi zafin ruwa yake aunawa, ba zafin wutar da ke kan fistin ba. Da aka sauke inji, fistin na uku ya tsage daga sama, kuma injektar da ke kansa ce ke tsiyayar mai tun kafin a sa akwatin. Akwatin ya ƙara mata matsi ne kawai ta ƙarasa aikin. Na yi wata huɗu ba mota, na sayar da fili kafin ta tashi. Ni lokacin ina da albashi. Kai gidanku gaba ɗaya a kan wannan motar yake.

Mu koma kan inda ƙarfin ya tafi, don nan ne kuɗinka zai yi amfani. Injin dizal abu uku yake so: iska mai yawa, mai da aka fesa shi kamar hazo a daidai lokacinsa, da matsi a cikin silinda. Baƙin hayaƙin da ka ambata yana gaya maka cewa man da ke shiga ya fi ƙarfin iskar da ke ƙona shi, ko kuma ba a fesa shi da kyau. Wato motarka tana zubar da dizal ɗin da ka saya lita sama da naira dubu ta salansa, ba tare da ya zama ƙarfi ba. Ka ga in aka ƙara mata mai a wannan hali, hayaƙin da zafin za a ƙara.

Fara da iska, don ita ce mafi arha. Yaushe rabon da ka sa sabuwar iyakilina ta asali? Yawancinmu wajen mai faci muke kai ta ya hure ta da iska mai ƙarfi, mu mai da ita muna ganin mun yi dabara, alhali iskar tana yaga takardar ta yi ƙananan ƙofofin da ido ba ya gani, ƙura ta riƙa wucewa tana goge ringi kamar sanfefa. Sannan EGR ɗin da aka ce za a toshe. Aikinsa shi ne ya mai da wani ɓangare na hayaƙi cikin inji don rage zafin ƙuna da gubar da ke fita. Da shekaru, wannan hayaƙin yana haɗuwa da tururin baƙin mai ya zama wani baƙin danƙo da ke liƙe hanyar iska, har ka ga bututun da hannu zai shiga ya koma yatsa biyu da ƙyar. In aka kwance aka kankare aka wanke, mota takan farfaɗo kamar an canza ta, kuma da yawa daga waɗanda ke yabon toshe EGR wankin da aka yi lokacin toshewar ne ya taimake su. Ka sani cewa idan ka take totur har ƙasa, EGR rufewa yake yi da kansa, saboda haka toshe shi ba ya ƙara maka komai a lokacin da kake wuce tirela. Sai a duba robobin da ke tsakanin turbo da inji. Tsaga ƙarama a ɗaya daga cikinsu tana zubar da iskar da turbo ya sha wahalar tarawa, alamarta kuwa ita ce jiƙewar baƙin mai a wurin da wani fito da kake ji in ka taka. A cire bututun gaban turbo a taɓa fankar da yatsa: ɗan motsi gefe da gefe ba laifi, amma in tana gaba da baya ko tana gogar bango, kwanansa ya ƙare.

Injekta kuwa, a nan nake so ka fi zuba ido, don su ne suka fi kashe wannan injin. Matsin man da ke cikinsu ya haura bar 1,000 a ma'aunin matsi, ramukan bakinsu kuma sirara ne ƙwarai, ɗigon ruwa ko ƙasa ko dizal ɗin da aka gauraya da kananzir yana cinye su a hankali. Duk jarkar da ka taɓa saye a bakin hanya don gidan mai ya yi nisa, su suka biya kuɗinta. Injektar da ta gaji ba ta fesawa, tsartuwa take yi wuri ɗaya a kan fistin. Akwai kuma wani abu da aka san injinan KD da shi: ƙaramin wosha na tagulla da ke ƙarƙashin kowace injekta. In ya saki, hayaƙi yana bi ta nan ya shiga cikin baƙin mai, ya zama gawayi, gawayin ya gangara ya toshe rariyar da famfon baƙin mai ke zuƙa ta cikinta. Mota tana tafiya lafiya lau, rana ɗaya mai ya daina hawa, inji ya buga. Woshan nan kuɗinsa bai kai na buhun gero ba. Ka sa a kwance kwanon mai na ƙasa a duba rariyar da ido. Ni da motar tawa ce, wannan zan fara yi kafin in sake ɗora mata ko buhu ɗaya.

Mai kwamfutar kirki zai iya jona na'urarsa ya nuna maka yadda birenbos ke ƙara wa kowace injekta ko rage mata don inji ya daidaita. Wadda lambarta ta yi nisa da 'yan'uwanta ita ce mara lafiya. Zai kuma nuna maka ko matsin man da kwamfuta ke nema shi ne wanda famfo ke bayarwa. In akwai giɓi, sau da yawa wani ɗan bawul ne a jikin famfon, ana ce mashi SCV, wanda in ya gaji mota takan yi sanyi ko ta riƙa mutuwa a tsaye. In ta kama a canza injekta, a sa na asali, kuma a shigar da lambar da ke rubuce a kan kowace ɗaya cikin birenbos, don ba a ɗaura su haka kawai kamar na tsofaffin injina.

Na uku shi ne matsin silinda, kuma shi ne alƙalin maganar gaba ɗaya. Akwai gwajin da za ka yi yau a ƙofar gida: in inji ya yi zafi yana aiki a tsaye, kwance murfin zuba baƙin mai ka ɗora shi a bakin ramin ba tare da ka ɗaure ba. In ya zauna yana ɗan rawa, da sauran rai. In iska tana wurgi da shi, hayaƙi na fita kamar bakin murhu, ringi sun tafi. Wannan gwajin gida ne, na gaskiya shi ne a sa geji a auna silinda huɗun ɗaya bayan ɗaya a rubuta maka lambobin a takarda, a kuma auna matsin baƙin mai da geji lokacin da inji ke da zafi. Ka lura da yawan baƙin man da kake ƙarawa tsakanin juye da juye, da yadda take tashi da asuba lokacin sanyi. In waɗannan suka nuna inji ya gaji, maganar ƙarin ƙarfi ta mutu, kuɗinka na gyaran inji ne, kuma gara ka yi shi da ƙafarka ka kai ta gareji da a jawo ta da igiya daga hanyar Kazaure.

Kada ka manta da taimin bel, bel ɗin da ke daidaita motsin bawul da fistin. Toyota ta ce a canza na wannan injin duk kilomita 150,000, har akwai fitilar T-BELT da ke kamawa a gaban direba. A lissafin mitarka an wuce canji biyu, na uku yana tafe a 450,000. Ka san tabbas an yi na biyun, ko fitilar kawai aka kashe? In ya tsinke kana gudu, bawul da fistin karo za su yi. Kuma in motar ta hannu ce Baba ya saya, mita ba shaidar da za a rantse a kanta ba ce, ana mai da ita baya kafin a sayar.

Abin da ke gaba ba zai yi maka daɗi ba, amma ka tambaye ni ne don in faɗi. Buhu 20 na hatsi tan biyu ne. An ƙera Hilux ta ɗauki abin da bai wuce tan ɗaya ba, mai gida biyu ma ba ta kai haka, kuma da kai da yaron mota da duk wanda ya hau kuna cikin lissafin. Kana ɗora mata ninki biyu na abin da aka yi ta dominsa, sannan kana tuhumarta da kasala. Na san yadda sana'ar take, na san in ka ce buhu goma kawai za ka ɗauka kuɗin mai ma ba zai fita ba, kuma kowa a tasha haka yake yi. Ban ce ka koma goma gobe ba. Amma ka san cewa rabin nishin nan na lodi ne, kuma ko an ƙara wa inji ƙarfi ba a ƙara wa birki ba, ba a ƙara wa sifirin da bodi da aksul na baya ba. Mota mai tan biyu da ta fi da gudu, birkinta kuwa na jiya, a hanyar Mai'adua ranar kasuwa da shanu da amalanke da 'yan acaɓa, wannan ya fi fashewar fistin tsorata ni. Wuce tirelar da kake jin tsoro, tsoron nan yana cikin abin da ya kawo ka yau lafiya.

Kulochi ma yana cikin layi. Shi ne farkon abin da ke sallamawa in an ƙara wa tsohuwar mota ƙarfi, kuma mai yiwuwa naka ya riga ya fara. Ka gwada a hanya mai kyau da lodi: sa giya ta huɗu kana tafiya a hankali, take totur. In ƙarar inji ta tashi gudu bai ƙaru ba, kulochi na zamewa, kuma wani kaso na ƙarfin da kake nema a nan yake ƙonewa. Ka daina jan kaya masu nauyi a giya ta biyar inji yana kakari, ka sauko ta huɗu ka bar shi ya numfasa.

Manyan tayoyi kuwa, a cikin abubuwa huɗun da aka lissafa maka su ne suka fi saɓa wa abin da kake so. Tayar da irin motarka ta aiki ke zuwa da ita, 205R16, tsayinta kusan santimita 73 ne. Wadda samari ke so, 265/75R16, ta kai santimita 80. Bambancin ya kusa kashi goma cikin ɗari, kuma kashi goman nan daga ƙarfin jan motar ake cire shi, kamar ka tashi a giyar da ta fi wadda ta dace. Ga ƙarin nauyi a kan birki da bearin da sitiyari, ga ƙarin shan mai, mitar gudu kuma ta riƙa nuna maka ƙasa da abin da kake yi. Kyau suke da shi a ido, ba na musu. In rairayi ne matsalarka, rage iskar taya kafin ka shiga ka mai da ita in ka hau kwalta ya fi maka, kuma ka sayi tayoyi masu ɗaukar nauyi, masu harafin C ko LT a jiki. Babbar salansa ƙara za ta ba ka fiye da ƙarfi. In taka ta toshe ko ta lotse a gyara ta. Kuma in aka ce za a cire maka abin tace hayaƙin da ke cikin salansa, wanda makanikai ke kira indomi, ka tsaya a wurin, don akwai ƙarfe mai tsada a cikinsa da ake saye, wani lokaci shi ne dalilin shawarar. Haka iyakilinar nan mai kamar mazurari da ake shafa wa mai, wadda ake cewa tana ƙara iska: a ƙasar da hunturu ke rufe rana, ƙura take ƙarawa.

Sai sanyaya inji. Daga Maris zuwa Mayu zafin Daura yana haura digiri 40, kai kuma lokacin kake tafe da lodi a giya ta biyu cikin yashi. Ka duba ko tamostat yana nan, don makanikanmu sun saba cire shi su jefar da sunan maganin zafi, abin da ke hana inji kaiwa zafin da aka tsara mashi ya yi aiki a kai. A wanke lagireto ciki da waje, a daina zuba mata ruwan rijiya zalla, a sa kulan. A gwada kan fanka, wanda in ya mutu fankar tana juyawa amma ba ta jan iska. Kuma in ka dawo daga doguwar tafiya ka bar inji ya yi minti ɗaya ko biyu kafin ka kashe, turbo ya huce da mai a jikinsa.

Yanzu maganar Yaya. Ka ce kuɗinka ne, kuma gaskiya ne, guminka ne, Allah ya ƙara buɗi. Amma motar ba taka ba ce. Tunda ba a raba gado ba, kowane ƙusa a jikinta akwai rabon Inna, akwai na Yaya, akwai na yara ukun nan da ba su san ma ana wannan magana ba. Su marayu ne, kuma Alƙur'ani ya hana a kusanci dukiyar maraya sai ta hanyar da ta fi kyau. Gyaran da zai tsawaita ran motar yana cikin hanyar da ta fi kyau. Canjin da zai iya gajarta shi, wanda kuma zai rage mata daraja ranar da za a yi mata kuɗi, don mai saye yana gudun motar da aka taɓa wa birenbos, wannan sai da yardar masu haƙƙi. In ka zuba miliyan ɗaya da dubu 200 ɗinka inji ya buga, ba kai kaɗai ka yi asara ba, tukunyar Inna ce za ta sauka, kuma ba ka da sauran kuɗin da za ka tashe ta. Garin neman gira ke nan.

Yaya bai san turbo ba, na yarda. Amma ya san abin da ke faruwa da gida in abin da ke ciyar da shi ya tsaya, kuma tun ranar da aka kai Baba makwancinsa shi ake kallo. Wataƙila kuma, ko bai faɗa ba, ganin motar yadda Baba ya bar ta yana da wani matsayi a zuciyarsa da ba zai iya yi maka bayani ba. Inda nake ganin ya gaza shi ne da ya tsaya a kan "ba za a taɓa ba". Motar tana buƙatar a taɓa ta, da gaggawa ma, kuma kai da kake kwana a hanya kai ka fi kowa jin ciwonta. Hana ka ba tare da ya zauna ya ji kukanka ba bai isa ba. Akwai kuma abin da ban ji ka ambata ba: a cikin abin da motar ke samowa, nawa ake ware mata ita kanta? In amsar ita ce babu, to shekara biyu kuna cin jarin kuna ɗauka riba ce. Gyaran dukiyar tarayya daga cikinta ya kamata ya fito, bai kamata ya zama daga aljihunka kai kaɗai ba. In kai za ka fitar yanzu don babu wani, a rubuta a matsayin bashi a kan motar, da shaidu. Ku buɗe littafi, kowace tafiya a rubuta abin da ya shigo da abin da ya fita, a cire kason mota kafin a raba. Kuma ku nemi malamin da ya san rabon gado, ko ku je kotun shari'a, a yi wa motar kuɗi a san rabon kowa ko da za ta ci gaba da zama a hannunka. Barin gado shekara da shekaru ba a fayyace ba ya raba zumuncin da ya fi naku ƙarfi. Gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba.

Ban rufe ƙofar taɓa birenbos gaba ɗaya ba. In an yi duk abin da na lissafa, silinda huɗu suka nuna matsi mai kyau kuma kusa da juna, injekta sababbi ne ko an tabbatar da lafiyarsu, rariyar mai tsaf, kulochi sabo, ka yi wata uku kana aiki da ita ka ga har yanzu da saura, sannan Inna da Yaya suka amince, ana iya yin ɗan ƙari mai sauƙi. Sharuɗɗana su ne: mai aikin ya adana maka lissafin asali na kamfani ya ba ka a hannu don a iya mayarwa, kada ya taɓa iyakokin da ke kare inji, kada mota ta fito tana baƙin hayaƙi, kuma a sa gejin da ke auna zafin hayaƙi kafin turbo, ka riƙa ɗaga ƙafa in ya doshi digiri 700. Wanda ya ce maka ba a buƙatar geji, ɗauki makullinka. Zatona dai shi ne ba za ka kai nan ba, don in iska ta buɗe, injekta suka dawo fesawa, kulochi ya kama, ka rage buhu huɗu ko biyar, za ka ji motar da ka sani lokacin Baba.

Kada ka bari sati na huɗu ya cika. Yau bayan Magariba ka je ka same shi, ka gaishe shi yadda ka saba, ka ce, "Yaya, na janye maganar Kano. Amma motar Baba ba ta da lafiya, ina so ranar Asabar da ba ka da makaranta ka raka ni a auna ta, ka gani da idonka." Ku tafi tare, ya tsaya a wurin lokacin da za a kwance kwanon mai, shi ya riƙe takardar da za a rubuta lambobin silinda. In kun dawo ku zauna gaban Inna da takardar, sannan ka rubuto mani lambobin huɗu da abin da aka samu a rariyar, in gaya maka wanda za a fara saye.